Bindigar iska a Ingila: doka ta ce a kulle, amma wa zai je ya duba?

Duk lokacin da aka ta da maganar lasisin bindigar iska, wato wadda ke harba ƙwayar dalma da matsin iska, a Ingila da Wales, ma'aikatar cikin gida a Landan amsa ɗaya take bayarwa: dokokin da ake da su sun isa, a dai gyara ajiya. Haka aka yi bayan bitar da aka fara a 2017, sanadiyyar mutuwar wani yaro ɗan shekara 13 da harbin bindigar iska a gundumar Suffolk ta Ingila. Abin da bitar ta haifar shi ne ƙa'idar 2023, wadda ta ce idan akwai yara a gida a kulle bindiga, a ɓoye ta, a raba ta da ƙwayoyinta. Ƙa'idar ba ta da aibu. Sai dai hukumar da ta kafa ta ba ta san ko gida ɗaya da bindigar take ba, domin babu rajista, babu lasisi.

Masu kare wannan tsari sun jingina da layi guda: doguwar bindigar iska da ƙarfinta bai wuce kusan jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), ko ƙarama da ba ta wuce kusan jul 8 ba, ba ta buƙatar takarda. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya shiga shagon dillali mai rajista ya saya. Wanda ya san yadda bindigar take aiki ya san wannan layi ba a tsaye yake ba. Ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, nauyinta ya ɗan haura rabin giram, idan ta fita da gudun kusan mita 240 a sakan ɗaya ta riga ta kai bakin iyaka. A bindiga mai tukunyar iska, wadda ake cika ta da matsi mai ƙarfi, sauya ƙwaya zuwa mai nauyi kawai yana iya ɗaga ƙarfin. A bindigar da sifirin ke tura iskarta kuwa, ɗigon mai da ya shiga ɗakin matsi yakan kama wuta lokacin harbi, ƙwayar ta fita da ƙarfin da ya zarce na yau da kullum. Wani kuma da gangan yake sauya sifirin, ko ya taɓa bawul. Mai bindigar da bai taɓa ɗora ta a kan na'urar auna gudun ƙwaya ba bai san ko yana cikin doka ba, kuma babu mai tambayarsa sai an yi ɓarna.

Ko a ƙasa da layin ma, ƙwayar tana fasa ido, tana ratsa ƙoƙon kan ƙaramin yaro. Mutanen birnin Glasgow na Sikotilan sun gani a 2005, lokacin da aka harbi yaro ɗan shekara 2 a ka a unguwar Easterhouse, ya rasu. Zafin wannan rashi ne ya kai Sikotilan ga dokar 2015, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Disamba 2016. A can duk bindigar iska da ta wuce jul 1 sai da takardar 'yan sanda, mai aiki shekara 5. Mai nema zai faɗi dalilinsa, harbin gasa ne ko kashe ɓeraye da zomaye a gona, ya nuna inda zai yi harbin, ya kawo wanda ya san shi ya tsaya masa. Ɗan shekara 14 yana iya nema da yardar iyayensa. Wanda aka kama babu takarda yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2. Kafin dokar ta fara aiki an buɗe ƙofar miƙa makamai, mutane suka kawo fiye da 11,000, bindigogin da da yawansu ke kwance a ɗakunan ajiya ba mai kula da su.

Ƙungiyoyin maharba suna cewa lasisi mai bin doka kaɗai yake wahalarwa, ɓata-gari ba zai nema ba. Wannan magana ta kauce wa inda ciwon yake, domin yawancin abin da ke tayar da hankali a nan ganganci ne a cikin gida: bindiga a bayan ƙofa da ƙwaya a ciki, samari biyu a bayan gida, kyanwar maƙwabci a kan katanga. Masu cewa a hana bindigar gaba ɗaya su ma ba su san aikin gona ba. Manomin da ɓeraye suka dami rumbunsa yana da haƙƙin kayan aikinsa. Kukan cewa 'yan sanda ba su da ma'aikata shi ne kaɗai mai ɗan nauyi, kuma kuɗin takardar ne ya kamata ya ɗauki nauyin hakan.

Abin da ya dace Ingila ta yi bai fi ƙarfinta ba. A sa takarda mai sauƙi, mai araha, a haɗa ta da gwajin ƙarfin bindiga a shagon dillali ko a kulob ɗin harbi duk lokacin sabuntawa. A kuma rufe ƙofar da ta bar ɗan shekara 14 zuwa 17 ya yi harbi shi kaɗai a fili mai zaman kansa, ba tare da babba a kusa ba.