Shinto da addinin Buddha ba a rabe suka taso a Japan ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun fil'azal Japan tana da addinai biyu da ba sa ga maciji, Shinto na gargajiya da addinin Buddha baƙo, kowanne da mabiyansa. Wannan rabuwar ba ta daɗe ba, gwamnati ce ta yi ta a 1868.

Tun da can mutanen tsibiran suna bautar kami, ababen bauta da suke dangantawa da duwatsu, koguna, noman shinkafa da kakanni; wannan bautar ce ake kira Shinto. Addinin Buddha ya iso fadar Japan a ƙarni na 6 daga masarautar Baekje ta Koriya. Da farko kam an yi rigima: dangin Soga suka karɓe shi, dangin Mononobe suka ƙi, har Soga suka ci su da yaƙi a 587.

Daga nan ne abubuwa suka cakuɗe. Sai ka ga gidan ibadar Buddha a harabar wurin bautar kami, limaman Buddha suna karanta wa kami nassosinsu. Da ake ƙera babban gunkin Buddha na gidan ibadar Todaiji a birnin Nara, wanda aka ƙaddamar a 752, wani kami mai suna Hachiman aka ɗauko daga wurin bautarsa na Usa, a kudancin Japan, ya zama mai tsaron wurin. Daga baya ma malamansu suka ce Amaterasu, kami ta rana, Buddha Dainichi ne ya bayyana a siffarta.

Fiye da shekara dubu ana haka, sannan gwamnatin Sarki Meiji ta ba da umarnin a raba su. Ɓarnar da ta biyo baya abin takaici ce: an rusa gidajen ibadar Buddha masu yawa, an ƙone tsofaffin littattafai da sassaƙe-sassaƙe.