Ranar da na koyar da Turancin fushi

Jajiberin babbar Sallah ne, bayan la'asar. Ina kishingiɗe kan tabarma a tsakar gida da jar darata a ka, ragon layyar da na sayo a kasuwar Wudil yana ɗaure a gindin dalbejiya yana cin harawa, sai ga babbar 'yata da littafi. Wai aikin hutu aka ba su: su nemo kalmomin Turanci na mugun fushi da haukacewa, kowacce su sa ta a jimla.

"Baba, ka san ma'anar run amok?"

Ni da na shekara ashirin ina rubuta wasiƙun ofis da Turanci? Na gyara zama, na ɗan leƙa waya a fakaice, sannan na soma zuba kamar da abin aka haife ni.

Na ce mata amok ɗin ma ba ta Bature ba ce, aro ya yi daga harshen Malay. Can suna faɗin ta ne ga mutumin da zai daɗe yana haɗiye baƙin ciki, rana ɗaya ya zaro wuƙa ya faɗa cikin jama'a yana saran duk wanda ya ci karo da shi. Matuƙan jiragen ruwa ne suka kai ta Ingila, har Kyaftin James Cook ya ambaci abin a labarin tafiyar da ta kai shi tsibirin Jawa a 1770.

Sai berserk. Nan na fi jin daɗi, har na miƙe zaune. Wasu mayaƙa ne na mutanen arewacin Turai na dā, sunansu na nufin masu rigar fatar beyar. In za su shiga fagen daga sai su yi kamar bori ya hau su, suna gurnani suna cizon garkuwarsu. A 1831 an tono wasu tsofaffin 'ya'yan darar Turawa a tsibirin Lewis na Scotland, cikinsu har da gunkin mayaƙi da haƙoransa kafe a bakin garkuwa.

Daga madafa Hajiya ta ɗago murya: "Malam, a dai duba igiyar ragon nan, tun safe yake fizga."

"Hajiya, ana ilimi," na ce.

Go postal kuwa na hana ta amfani da ita, don asalinta ba abin raha ba ne: a 1986 wani ma'aikacin gidan waya a garin Edmond na jihar Oklahoma ya harbe abokan aikinsa 14. Muka wuce zuwa fly off the handle, wadda duk mai faskare ya san ta, wato gatari ya fice daga ƙota. Ta ƙarshe see red. Na yi mata bayanin cewa mutane na zaton jan ƙyalle ne ke tunzura bijimin da ake wasa da shi a Sifen, alhali bijimi ba ya bambance ja, motsin ƙyallen ne ke harzuƙa shi. In ka tsaya cik, ba ruwansa da kai.

Ban rufe baki ba na ji ɗas! Igiya ta tsinke.

Ragon ya fara da kaji, suka watse har kan katanga. Ya bi ta kan tiren albasa, ya ture butoci, ya yi ƙwallo da kwandon wanke-wanke. Ƙananan yara suka shige ɗaki suka banko ƙofa. Sannan ya juyo ya tsaya yana kallona.

"Baba, hularka ja ce!"

"Ba na gaya miki ba?" na ce, ina maganar ta gefen baki. Na tsaya ƙiƙam kamar soja a fareti, don in tabbatar mata da karatun a aikace. Ragon ya fara ja da baya, taku ɗaya, biyu, uku. Wallahi a raina cewa na yi ilimi ya yi halinsa, ya tsorata. Duk Turancin da na sha ya mantar da ni abin da kakata ke faɗa tun ina yaro, cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A cinya ya same ni. Na yi zaman dirshan cikin robar markaɗen tattasai da tumatir na miyar Sallah.

To daga nan ne na hau dokin zuciya. Idona ya rufe, ga yaji yana ratsa wando. Na rarumi gatarin faskare, ba don in sare shi ba, dabbar ibada ce kuma kuɗina ne, don dai in ba shi tsoro. Ina ɗagawa sama na ji ƙotar ta yi sakayau a hannuna. Ƙarfen ya tashi, ya yi lilo a iska, ya dira kan sababbin tangaran ɗin da Hajiya ta jera tana ɗauraya, waɗanda ta yi wata shida tana zubin adashi kafin ta saya.

Ta fito da muciya a hannu. Ragon da kansa ya koma gindin dalbejiya ya tsaya shiru. Ni kuwa sai a soro na tsinci kaina, takalmi ƙafa ɗaya.

Duk wannan bidiri 'yar tawa tana bakin taga tana rubutu.

Bayan hutu ta dawo da goma bisa goma, malamin ya ma sa ta karanta a gaban aji. Rago ya samu amok, uwarta ta samu see red, ni aka haɗa mini biyu, har da ta gatarin. Na ce ai berserk ɗin nan ta Hajiya ce, da muciya ta fito. Ta ce ita abin da ta gani ta rubuta, kuma ni kaɗai ne na yi gurnani.

Yanzu in na fito masallaci, yaran layinmu sai su durƙusa da ladabi su ce, "Ina kwana, Baba Bazak."