Takardar bincike ta faɗi ɗaki, kada ta tsaya a kan gida

Duk wanda ya san gidajen haya na unguwannin Aboabo da Asawase a birnin Kumasi, ƙasar Ghana, ya san ƙofa ɗaya kan tara iyalai da yawa. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, amma kowane ɗaki da mai shi. To idan ɗan sanda ya karɓo takardar bincike daga kotu, abin da ke ciki kawai "gidan Alhaji wane a Aboabo", ɗakin wa zai buɗe? Takarda irin wannan ta ba shi damar yi wa mutanen gida kuɗin goro: ana neman saurayi guda, a zazzage akwatin tsohuwar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Shi ya sa nake ganin koya wa 'yan sanda rubuta wannan takarda ya cancanci lokaci na musamman a makarantar horo ta Tesano da ke Accra da sauran makarantunsu, kamar yadda fareti da harbi suke da nasu.

Doka ba ta yi ƙwauro ba. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana a keta sirrin gidan mutum, ko dukiyarsa, ko saƙonninsa, sai bisa doka. Dokar shari'ar laifuka ta 1960, mai lamba 30, ta ce majistare ne ke ba da takardar, bayan an kawo masa shaida bisa rantsuwa ya kuma gamsu akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Rantsuwar nan ita ce wurin da aikin ke gyaruwa ko ya lalace. "Mun samu labari" ba dalili ba ne. Yaushe aka ga kayan? Wanda ya kawo labarin da idonsa ya gani, ko a majalisar shayi ya ji? Me ake nema takamaimai, bindiga ce, ƙwaya ce, ko babur ɗin sata? Jami'in da aka saba masa da amsa waɗannan a rubuce, wani lokaci da kansa zai gane bai kai ga ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba tukuna.

Akwai kuma wata gwaninta da zango ke buƙata fiye da ko'ina. A unguwar da kowa ya san kowa, jimla guda ta isa ta tona asirin wanda ya tsegunta. Rubuta bayanin da zai gamsar da majistare ba tare da an nuna mutumin da yatsa ba, abu ne da sai an koya.

Batun adireshi kuwa, uzuri ya ragu. Tun 2017 aka fito da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar mita 5 a kan mita 5, kowane yanki da lambarsa. A sa lambar, a ƙara da "ɗaki na uku a hannun dama in an shiga, mai shuɗiyar ƙofa". Layi biyu ne.

'Yan sanda za su ce kafin a gama rubuce-rubuce ɓarawo ya tsallake katanga. Suna da gaskiyarsu, amma doka ta riga ta ware inda za a iya bincike ba takarda idan jira zai ɓata aiki. Kuma su tuna da kotu. A shari'ar Cubagee ta 2018, Kotun Ƙoli ta nuna alƙali na da ikon ƙin karɓar shaidar da aka samo ta hanyar keta sirri. Wahalar wata guda sai ta tashi a banza don an yi ganda wurin rubutu.

Majistarori ma suna da nasu kaso. In sun riƙa mayar da takardar da ba ta fayyace ɗaki da kaya ba, cikin ɗan lokaci ofisoshi za su gyara hannu. Horon kuma ya haɗa da abin da ke biyo baya: a nuna wa mai ɗaki takardar, a fassara masa da Hausa ko Twi in bai iya Turanci ba, mace ta caje mace kamar yadda doka ta ce, sannan a jera duk abin da aka ɗauka a rubuce, har waya da kuɗi, mai ɗaki da shaida su sa hannu a bar musu kwafi.