Idan an hana hawan Sallah, ina za mu kai baƙo a Kano?

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta zauna a birnin Asuncion na ƙasar Paraguay, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An yi ta murna, jami'an gwamnati suka yi ta taya juna barka a rediyo. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka, ana dab da Ƙaramar Sallar 2025, rundunar 'yan sanda ta sanar cewa babu hawa. Haka aka yi a Babbar Sallar 2024, haka kuma aka maimaita a Babbar Sallar 2025. Babu Hawan Daushe, babu Nassarawa, babu Ɗorayi, babu Fanisau. Dawakin da aka shekara ana yi musu hidima suka ci Sallah a turke.

Ba zan ɓata lokacin mai karatu kan rikicin masarauta na wane ne sarkin Kano tsakanin Malam Muhammadu Sanusi na Biyu da Alhaji Aminu Ado Bayero ba. Wannan magana tana gaban kotu, kuma kowa ya riga ya ɗauki ɓangarensa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da na riƙa ji a majalisu bayan kowace sanarwa, daga bakin mutane masu ilimi da furfura: "Ai gara haka, an huta da 'yan daba." Wato birni ya rasa babban abin da yake jawo masa baƙi daga ko'ina a duniya, amma wasunmu hamdala suke yi. Da wannan ra'ayi nake da magana yau, domin ya girmi rikicin masarauta nesa ba kusa ba, kuma shi ya kai mu inda muke.

Ka ɗauka ka yi baƙo daga Maraɗi ko Kumasi, ya zo da iyalinsa, ya ce a nuna masa Kanon da yake jin labari. Da safe kana da abin nunawa har ka gaji. Ga Gidan Makama, inda Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Ga Gidan Rumfa kansa da Ƙofar Kudu. Ga marinar Ƙofar Mata da ake lissafin tana aiki tun 1498, ga Kasuwar Kurmi, ga Dutsen Dala, ga Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909. Biranen Afirka ƙalilan ne suka tara irin wannan dukiya a wuri guda. To amma bari a yi La'asar. Gidajen tarihi na gwamnati da agogon ofis suke aiki, ma'aikata na tashi an rufe. Bayan Magariba me ya rage? Ka kai shi wajen mai tsire, ko ku shiga babban kanti ku zaga ku fito. Birni mai miliyoyin mutane, cibiyar fina-finan Hausa ta duniya, amma ka rasa tsayayyen wuri a tsakiyarsa da magidanci zai sayi tikiti ya zauna da matarsa da 'ya'yansa su kalli wasan kwaikwayo, ko su saurari kukuma da kalangu, ko su ga rawar Koroso da aka san Kano da ita.

Wannan ba haɗari ba ne, da hannunmu muka yi. Tun zamanin Turawa aka raba garin biyu: birni na mutunci, Waje na nishaɗi. Silimar Rex da aka buɗe a 1937 a Sabon Gari take. Da El-Duniya ta kama da wuta a watan Mayu na 1951 mutum 331 suka rasu, jama'a da dama sun ɗauki abin a matsayin fushin Allah, kuma wannan tabo bai taɓa gogewa daga sunan silima ba. Palace, wadda aka yi ƙarfin halin ginawa a Jakara kusa da Kurmi, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta a 1983 ya mayar da ita asibiti. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, aka dakatar da harkar fim, sannan aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Plaza da Eldorado da Marhaba da Orion, waɗanda iyayenmu da yayyenmu suka yi layi a ƙofarsu, yanzu sai a bakin masu tuna baya. A 2016 gwamnatin tarayya ta zo da shirin ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi masa ca a kan mumbari da kafafen sadarwa har aka janye. Daga baya abin ya zo kan tashe, wasan da yara ke yi tun kaka da kakanni daga goma ga watan azumi, shi ma 'yan sanda suka riƙa hana shi a shekarun nan saboda ɓata-gari. Yanzu ga shi ya iso kan hawan sarki.

Duba jerin nan da kyau, hujja ɗaya ce ake juyawa. Wurin yana tara jama'a, cikin jama'a akwai ɓata-gari, saboda haka a rufe wurin. Da a ce wannan hujja gaskiya ce, da tuni an rufe Kantin Kwari da Tashar Kuka, domin babu inda aljihu yake kuka kamar nan. Da an hana taron siyasa, wanda kowa ya san shi ne gonar da ake shuka daba ana yi mata ban ruwa. Ba a taɓa hana waɗannan ba, saboda akwai masu ƙarfi da suke cin moriyarsu. Abin da ba shi da uba a gindin murhu shi ake rufewa, sai a kira rufewar gyaran tarbiyya.

Ina so masu wannan ra'ayi su amsa mini tambaya guda da gaskiya. Shekara arba'in ke nan da doriya tun da aka rufe Palace. Tarbiyyar ta gyaru? Shaye-shaye ya ragu a unguwanninmu? Ƙwacen waya, wanda ya hana mutane fita da daddare, a gidan silima aka koye shi? Yaron da aka hana shi kujera a ɗakin kallo, inda akwai mai gadi a ƙofa, akwai fitila, akwai idon manya, kuma fim ɗin ya bi ta hannun hukumar tacewa, bai koma gida ya buɗe Ahalari ba. Ya koma lungu da waya a hannu, yana kallon abin da babu hukumar da ta tace, babu wanda ya san da wa yake tare. An yi gudun gara an faɗa wa zago. Nishaɗi bai bar Kano ba, ɓuya ya yi, ya shiga ɗakunan otal da gidajen da ake haya na kwana guda da bayan gari, inda mai kuɗi ke shiga da mota mai baƙin gilashi. Talaka da iyalinsa, waɗanda su ne za su amfana da wuri a bayyane mai araha, su aka bari a zaure suna fifita da mafici.

Abin takaicin ma, mun shagala da tsoron baɗala har muka bar badala tana zubewa. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 tana neman a amince da su, ana yanka ta ana kafa shaguna, ana ɗibar ƙasarta, ana zuba mata shara. Ban taɓa jin an yi mata gangamin da aka yi wa ƙauyen fim ba. Da masu kishin al'adar nan sun ba ganuwa rabin fushin da suka ba Kofa, da yau tana tsaye.

Za a ce mu Musulmi ne, garinmu ba Legas ba ne. Na yarda, kuma shi ya sa ba zan kafa hujja da Legas ba, duk da cewa bankuna sun zuba naira biliyan 68 wajen gyara babban gidan wasan ƙasa na Iganmu. Mu je Alƙahira, inda malamanmu da yawa suka yi karatu. Daga ƙofar Masallacin Azhar, ka tsallaka titi kana harabar Masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan Khalili. Gaba kaɗan ga titin Mu'izz, wanda aka gyara aka taƙaita shigar motoci, aka haska tsofaffin masallatai da makarantunsa da fitilu, iyalai suna yawo a cikinsa har tsakar dare. A wannan unguwa ake rawar tannura, irin ta sufaye masu jujjuyawa, a tsohon masaukin fatake na Sarki Ghuri, ana sayen tikiti ana shiga. Azhar ba ta rushe ba. Mu je Marrakesh ta Maroko, inda dandalin Jama'ul Fana yake ƙarƙashin inuwar hasumiyar Masallacin Kutubiyya. Kullum da yamma masu tatsuniya da makaɗa da masu magani da masu abinci suna cika shi, kuma tun 2001 UNESCO ta karrama shi. Idan aka kira sallah, kiɗa ya tsaya. Wane ne cikinmu zai tashi ya ce ya fi mutanen Alƙahira da Marrakesh sanin Malikiyya da Shafi'iyya?

Kuma ba sai mun ari komai daga wajensu ba. Bahaushe ya san dandali tun kafin ya san boko. A nan 'yan mata suke gaɗa, samari suke langa, a nan ake kokawa bayan kaka, a nan 'yan kama da 'yan gambara suke sa mutane dariya. Duk a fili ake yi, a gaban iyaye, kuma kasancewarsa a fili shi ne katangarsa. Wanda ya ce wurin nishaɗi baƙon abu ne a ƙasar Hausa, ko dai bai tashi a cikinta ba, ko ya zaɓi ya manta. Har yau gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari yana tara jama'a, bidiyon damben Hausa kuwa ya zaga duniya ta intanet. Kayanmu ne, amma mun bar shi a gefen gari kamar abin kunya.

Akwai masu cewa ana fama da yunwa wa yake ta kallo. Su tambayi mai ɗinkin kayan doki da baduku da mai zuma da mai otal abin da Sallah babu hawa ta yi wa tukunyarsu. Akwai kuma masu ganin maganin shi ne a ware fili a bayan gari a ba ɗan kwangila ya gina katafaren wurin shaƙatawa. Otal ɗin Bagauda da Audu Bako ya gina domin masu yawon buɗe ido yau makarantar horar da lauyoyi ce, wannan ya isa amsa.

Abin da Kano take buƙata yana nan a tsakiyarta. Daga Gidan Makama zuwa Ƙofar Kudu da Babban Masallaci, a gangara Kurmi, a ɓulla Dala, duk tafiyar ƙafa ce. A haska hanyar, a share ta, a zuba jami'an tsaro da 'yan sintirin unguwa, a bar gidajen tarihi a buɗe har bayan Isha ko da ranakun Juma'a da Asabar ne. A samar da dandali guda mai kujeru da ɓangaren iyali, a ba ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da makaɗan gargajiya da masu waƙen baka da sha'irai ranaku. Hukumar tace fina-finai ta duba abin da za a nuna, Hisba ta tsaya a ƙofa idan ana so, ba ni da ja a kan wannan. Yadda za a raba kuɗin da nauyin tsakanin jiha da masarauta da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wannan aikin waɗanda ake biya albashi domin shi ne.

Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ci gaba da kiran gazawa da sunan taka-tsantsan. Jami'in tsaron da ya ce ba zai iya kare taron da aka san ranarsa da hanyarsa da sa'arsa tun shekara guda ba, ya faɗa mana cewa ya kasa aikinsa, kada ya sa mu yi masa godiya. Gwamnatin da take buga hoton mahaya a kalanda da allunan talla tana kiran masu zuba jari, alhali ta kasa fito da doki ko ɗaya daga Ƙofar Kwaru, tana sayar da abin da ba ta da shi ne. Mu kuma da muke cewa "gara haka" duk lokacin da aka rufe wata ƙofa, mu sani cewa akwai yara a Kano da suka yi wayo a 'yan shekarun nan ba su taɓa ganin jafi a Ƙofar Kudu ba, ba su taɓa bin 'yan tashe gida-gida ba, ba su taɓa zama a ɗakin kallo kusa da mahaifinsu ba. Mai marina a Ƙofar Mata kuwa, wanda a da baƙin Sallah suke sayen abin da ya rina, yana nan zaune a bakin rijiyarsa yana jiran sanarwar 'yan sanda ta gaba.