Maki 34 a kan wa?

Akwai wani a guruf ɗinmu na gem ɗin ƙwallon kwando da ya hana mu sakat da hoton yaron da ya ɗauko. Ban kira suna ba, kuma ba zan kira ba. Mu da muke zama a rumfar cajin waya ta bakin tasha, nan ƙauyenmu na ƙasar Ringim, mun san juna, wanda ya tsargu da shi nake. Safe da yamma magana ɗaya: yaronsa maki 34 yake ci a kowane wasa a sakandare, don haka kofi ya riga ya zama nasa, sauran mu ɓata data muke yi.

Ga waɗanda ba sa bugawa: a gem ɗin kai ne kocin wata jami'a a Amurka. Ba ka taɓa ƙwallo da hannunka, injin ne ke buga wasan. Aikinka zawarcin yaran sakandare da ɗan kuɗin da aka ware maka, ga guraben ba su da yawa, kuma yaron da ka sa wa hannu yana wuyanka har shekara huɗu. Ke nan kuskure ɗaya a wajen ɗauka, kaka huɗu za ka yi kana biyansa.

To, ni tambayata ɗaya ce, kuma mutumin ya ƙi amsa ta: maki 34 ɗin nan a kan wa aka ci su? Na buɗe jadawalin makarantar yaron na bi shi daga sama har ƙasa. Kusan duk abokan karawarsu ƙungiyoyin da ke can ƙasan teburi ne, waɗanda ba su da dogon mai tsare gindin kwando, waɗanda kowa ya samu sai ya more. A 'yan wasannin da suka haɗu da manya kuwa, jifansa ya daina shiga, ƙwallo ta yi ta zubewa daga hannunsa. Wannan shafin ne bai taɓa ɗauka ya saka mana ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe bayan an kawar da amfanin gona ya san ba a kirga kisa kawai. Wanda ya kashe yara goma 'yan share fage ba a haɗa shi da wanda ya yi turmi uku da shago aka tashi ba kisa.

Kuma wannan ba ƙirƙirata ba ce. Su kansu masu abin a Amurka haka suke yi. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta yi amfani da ma'aunin RPI tun 1981 wajen tantance ƙungiyoyin da za su shiga babbar gasar watan Maris. A lissafin, nasarorinka kashi 25 ne kacal cikin ɗari. Kashi 50 na ƙarfin waɗanda ka kara da su ne, ragowar 25 kuma na ƙarfin waɗanda su ma suka kara da su. Wato kashi uku cikin huɗu na darajarka yana hannun jadawali. A 2018 suka sauya zuwa wani sabon ma'auni mai suna NET, amma ba su yar da wannan tunanin ba: nasara a gidanka ba ta shiga sahun farko na manyan nasarori sai in a kan ƙungiyar da ke cikin 30 na sama aka yi ta, in kuwa ka bi su har gida ne, a ɗaga maka zuwa 75. Mutanen da wasan ya girma a hannunsu suna tambayar wa ka doke, a ina ka doke shi. Shi kuwa namu lamba ɗaya ya gani ya kama rawa.

Da an matsa masa sai ya jawo Stephen Curry, tauraron ƙwallon kwandon Amurka, wai ai shi ma daga ƙaramar makaranta ya fito. Gaskiya ne, Davidson, makarantar da ya buga wa, ba babbar makarantar ƙwallo ba ce. Amma me ya fito da shi duniya ta san shi? A gasar 2008 shi kaɗai ya zuba wa Gonzaga maki 40, ya zuba wa Georgetown 30, ya zuba wa Wisconsin 33, sannan Kansas, wadda ta ɗauki kofin shekarar, da ƙyar ta sha a hannunsu da 59 da 57. Raunin jadawali ba ya nufin yaro bai iya ba, ni ban taɓa faɗin haka ba. Yana nufin makinsa bai zama shaida ba tukuna, sai ka ware wasanninsa da manya ka duba su su kaɗai: kashi nawa na jifansa ya shiga, sau nawa ya zubar, minti nawa koci ya yarda ya bar shi a fili.

Da kansa kaɗai yake cuta, wallahi da ban tanka ba. Abin da ke ci mini rai ƙannenmu ne. Yaran nan da kuɗin ƙwadagon gona suke sayen data, wani sai ya taka har bayan makarantar firamare kafin ya sami sabis. Sun ɗauke shi babban yaya, ya ce musu su jera yara bisa yawan maki su kwashi na sama, duba jadawali wai aikin marasa abin yi ne. Biyu daga cikinsu sun ƙone kuɗin zawarcinsu kaf a kan irin waɗannan yaran, yanzu suna maganar barin gem ɗin gaba ɗaya. Sannan da wani ya ɗauki mai maki 17 daga yanki mai zafi, yaron ya fara haskawa, sai aka koma bayan ido ana cewa ai da hannu a ciki, wai an san mai kula da lig ɗin. Wannan ƙazafi ne, kuma da hakki.

Malam, jadawalin a buɗe yake, ba ya cin ko sisi. Kafin a rufe zawarcin bana, ka ɗauki hoton shafin makarantun da yaronka ya kara da su, da matsayin kowacce a teburi, ka saka a guruf ɗin nan da ka saka makin, yaran su gani da idonsu.