Dashe miliyan ɗaya, uwa nawa?

Tun 2019 da gwamnatin Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin dashen bishiyoyi na 3G (Gombe Goes Green) a Gombe, duk damina sai mun ji adadin dashen da aka raba. Madalla da hakan. Tambayar da ba a cika yi wa masu renon dashen ba ita ce: a gindin bishiya nawa aka tsinto irin?

Abin da ya fi sauƙi shi ne a tura yaro da buhu, ya share gindin dogonyaro guda a bakin titi, a cika leda dubu. Su tsiro shar, amma uwarsu ɗaya, ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya. Cutar da ta iya da ɗaya za ta iya da sauran. Dogonyaron ma baƙo ne daga yankin Indiya, a 1928 aka shigo da shi Borno, kuma daga iri ƙalilan ya bazu. Da ya riƙa bushewa a Nijar da kewayen Tafkin Chadi a ƙarshen shekarun 1980, wannan ƙarancin bambanci na cikin abubuwan da masana suka zarga.

Daji ba haka yake aiki ba. Jemage ke ɗaukar garin furen kuka da na ɗorawa cikin dare, daga wannan gona zuwa waccan. Saniya ta ci 'ya'yan gawo a nan, ta kasayar da ƙwayar can gaba a burtali, ta tsiro cikin takinta. Giwayen Yankari ma suna baza iri, sai dai gonaki sun tsuke musu hanya, kamar yadda aka cinye burtalin.

Kakanninmu kuma sun sa hannu. Manomi yakan bar kaɗanyar da ta fi zaƙi da kukar da ganyenta ya fi daɗin miya, ya sare saura. Yau zaɓen ya juye: mai gawayi da mai katako suna bin ƙirya da madobiya mafi kauri da miƙewa, karkatattu ke saura su yi iri.

Masana gandun daji suna ba da shawarar tara iri daga uwaye talatin ko fiye, masu nisa da juna. Ina ganin ya kamata a sa wannan cikin sharuɗɗan kwangilar kawo dashe, a rubuta garin da aka ɗebo kowane buhu, ko Dukku ne, ko Kaltungo, ko dajin Kanawa.