Yadda saba ta tona min asiri a bikin Aboabo

Waɗanda suka je bikin Aboabo a Kumasi ranar Asabar na san kun ji labarin, amma daga bakin mutumin nan na PZ, kasuwar waya ta Kumasi, kuka ji, shi kuwa sai ya ƙara gishiri.

Kun san tsohon laftof ɗin da na saya a Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Accra, wanda batirinsa ya mutu tun kafin korona. Shi na sa wa manhajar Ubuntu na mai da shi saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafin intanet, yana nan saman firij ɗin Inna a Nima yana riƙe da shafin atamfofin Yaya. Ƙofa ta 443 a buɗe saboda kwastomomi, ta 22 kuma tawa ce ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, duk inda nake sai in shiga in yi gyara. To muna ƙarƙashin kanopi ana rabon jalof sai Yaya ta ce in ƙara kuɗin atamfofi yanzu yanzu dala ta tashi. Na ari laftof ɗin ango, na ce samari ku matso ku ga yadda ake juya kwamfutar Accra daga Kumasi, kusan kilomita 250 ba tare da an hau mota ba. Suka matso har da yaran da ba a kira ba.

Na buga. Baƙin allo, ɗan ɗigon nan na ƙyafta ido. Can kwamfutar ta ce lokaci ya ƙare. Na sake, haka.

Nan fa mutumin PZ ya leƙo ta kafaɗata da ƙashin kaza a hannu wai in cire batir in mayar. Batirin wa? Mutumin da duk aikinsa manna gilashi a fuskar waya amma ya sa a kira shi injiniya, wanda ya karɓi sidi 150 nawa ya sa min sikirin da in ka taɓa alif sai ya rubuta maka ba, kuma har yau in na yi magana sai ya ce yatsana ne ke da gumi. Shi ne zai koya min saba. Wallahi da ba a gidan surukai muke ba.

Na kira Inna, na sa a sifika saboda kiɗan DJ, wanda shi ma ya zaɓi daidai lokacin ya kashe don a yi addu'a. Ta ce ai dumso aka yi da asuba, wato an ɗauke wuta, wuta ta dawo, ta danna maɓallin yadda na koya mata, abin naka ya kunnu amma yana ta tambaya. Nan na gane. Faifan ajiyar laftof ɗin a kulle yake, in ya mutu ya tashi sai an buga kalmar sirri da hannu a jikinsa kafin ma ya san akwai intanet a duniya, SSH ba ta da ta cewa. Na ce Inna a ba Auta. Auta ya tafi ƙwallo Kawukudi.

"Ni ba ni da hannu ne?"

Na ce to akwai takarda manne a ƙarƙashinsa, ki buga abin da ke jiki, kar ki karanta. Kar ki karanta na ce, kowa shaida ne. Na ji tana neman tabarau. Sai kawai muryarta ta fito tar, a hankali, harafi harafi kamar mai biya karatun allo, sunan nan, sannan "zuciyata", sannan 1999. Ta yi shiru. Ta ce, "Kai, wannan ba 'yar gidan Alhaji mai goro na Mamobi ba ce? Wadda ka ce min ko gaisawa ba kwa yi?"

Yayan yarinyar kuwa yana zaune kusa da ni, gwiwarmu na taɓa juna. Cokalinsa ya tsaya tsakanin faranti da baki. Bai ce komai ba, bai ajiye cokalin ba, bai kai baki ba, kallona kawai yake. Ni kuma ina ta laluben inda ake kashe sifika, sikirin mutumin PZ ya ƙi jin yatsana sai ma ya ƙara sauti, Inna na cewa to in abin da gaske ne a tura kawunka mana, me ake jira, goro dai ba sai an saya ba. Malamin da zai yi addu'a ma sai da ya rufe baki da rawani.

Kuma duk da haka ba ta buɗe ba, ashe manyan haruffa ne a kunne. Sai bayan magariba Auta ya dawo ya buga, lokacin Yaya ta riga ta sa sabon kuɗin a sitatus na WhatsApp ta sayar da turmi biyu.

Yayan nata mota ɗaya muka hau zuwa Circle a Accra. A Nkawkaw ya sayi burodi bai miƙo min ba. Wanda ya ga mutumin PZ ya gaya masa ina son kuɗina.